Wa Ya Auna? Yadda Masu Ɗurin Harsashi a Amurka Ke Zaɓen Littafin Dogaro

A shekarar 2008 kamfanin Alliant, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da albarushi a Amurka, ya fitar da wata gajeriyar sanarwa. Ya ce a daina amfani da albarushinsa mai suna Blue Dot a harsashin .41 Magnum baki ɗaya, a kuma daina sa shi a .357 Magnum matuƙar kan harsashin mai nauyin giren 125 ne (giren ma'aunin nauyi ne). Shekara da shekaru ke nan mutane na ɗura wannan haɗi, littattafai sun buga shi, kowa ya saki jiki da shi. Sai sabon gwaji ya nuna matsin da yake haifarwa na iya wuce kima, kamfanin ya fito bainar jama'a ya janye maganarsa. Littattafan da aka buga kafin wannan rana kuwa suna nan a kan kanta da cikin gareji, babu wanda ya bi su gida-gida ya soke shafin.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, ɗan ƙyastu da ke gindinsa, albarushi a ciki, sai kan da ke fita idan an ja kunama. Bayan harbi, uku sun tafi, kwanso ya rage, shi ne kuwa ya fi sauran tsada. Tun ƙarni na 19 maharba da masu gasar harbi a Amurka suka saba tsince kwansonsu su koma gida da shi, su wanke, su maido shi girmansa na asali, su sa sabon ƙyastu, su auna albarushi, su ɗora sabon kai. Wani don rage kashe kuɗi yake yi, wani don bindigarsa ta tsufa har an daina sayar da harsashinta, wani don neman daidaiton saiti da harsashin kanti ba ya ba shi. Akwai kuma wanda aikin ne kawai ke masa daɗi, ya kulle kansa a ɗaki da yamma yana aune-aune. Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga mai ɗura wa kansa, amma wanda zai mayar da abin sana'a ya sayar sai ya karɓi lasisi. A Jamus kuwa ko albarushin ba za a sayar wa mutum ba sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi takardar izini.

Aikin hannun ba shi da wuya, mutum na iya koyonsa cikin ɗan lokaci. Wahalar tana kan tambaya ɗaya: wane albarushi, kuma nawa? Amsarta lamba ce. Kuma mai ɗuri ba shi da hanyar tabbatar da wannan lamba a ɗakinsa, dole ya karɓo ta daga wani. Shi ya sa a wannan harka zaɓen wanda za ka yarda da shi ya fi zaɓen kayan aiki muhimmanci.

Abin da ido ba ya gani

Ana auna matsin cikin bindiga da psi, ma'aunin da mai faci ke dubawa idan yana ba taya iska. Tayar ƙaramar mota na ɗaukar 30 zuwa 35. Iyakar da aka ɗiba wa harsashin .308 Winchester kuwa psi 62,000 ne, .30-06 yana da 60,000, .223 Remington 55,000, 9mm Luger 35,000, tsohon .38 Special kuma 17,000. Wannan matsi yana tashi ya sauka cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan, taƙi ɗaya daga idon mai harbi.

Matsin kuma ba ya hawa daidai da yawan albarushi. Idan aka kusa iyaka, ɗan ƙari kaɗan na iya sa shi ya yi tsalle. Ba albarushi kaɗai ke motsa shi ba. Kaurin bangon kwanso na rage sararin ciki, shi ya sa littattafai ke gargaɗin a rage ɗuri idan kwanson na soja ne. Zurfin da aka cusa kan harsashi na canza shi, musamman a ƙananan harsasan bindigar hannu inda sarari ba shi da yawa. Nau'in ƙyastu na canza shi. Kai biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya mai dalma a ciki ɗaya zallar jan ƙarfe, ba sa ba da matsi ɗaya, domin na jan ƙarfen ya fi tsawo da tauri. Wannan batu ya ƙara fitowa fili tun da jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a watan Yulin 2019, maharba da dama suka koma jan ƙarfe da tsofaffin lambobi a kansu.

Wanda zai iya faɗin lamba da bakin gaskiya shi ne wanda ya mallaki bututun gwaji da na'urar auna matsi. A da ana amfani da ɗan guntun jan ƙarfe ne, matsin ya danne shi, a auna yadda ya lotsa, a fitar da lamba da ake kira CUP. Daga baya aka koma na'urar lantarki mai zana hawan matsin da saukarsa tun daga farko har ƙarshe, ita ce ke ba da psi. Babu wani lissafi mai sauƙi na mayar da CUP zuwa psi da zai yi daidai a kowane harsashi, don haka wanda ya ga 50,000 a tsohon littafi ya ga 60,000 a sabo kada ya ɗauka an ƙara masa sarari. Ma'aunan ne daban.

Iyakokin da ake gwadawa da su ma suna da masu ɗibar su. A Amurka ƙungiyar masu ƙera makaman wasanni da harsasai ce, SAAMI, wadda aka kafa a 1926. Bin ƙa'idarta na ganin dama ne, sai dai manyan kamfanoni suna bi. A Turai akwai CIP, wadda aka kafa a Beljiyam a 1914, tana da ƙasashe 14 ciki har da Birtaniya, Jamus, Faransa, Italiya da Finlan. Ita tata doka ce: bindiga ba ta shiga kasuwa sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da harsashi mai matsin da ya ɗara na yau da kullum, an buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aiki. Hanyar awon ƙungiyoyin biyu ta ɗan bambanta, saboda haka lambobinsu ba sa faɗawa wuri ɗaya ko da a harsashi guda.

Littattafan da ke kan teburi

Mafi tsufa a cikinsu na Lyman ne. Asalinsa ɗan littafin kamfanin Ideal ne, wanda John Barlow ya kafa a New Haven a 1884; Lyman ya saye kamfanin a 1925 ya ci gaba da buga littafin, har bugu na 50 ya fito a 2016. Abin da ya sa masu harkar ke yawan ce wa sabon shiga ya fara da shi, Lyman kayan aiki yake sayarwa, ba albarushi ba, don haka yana gwada kayan kamfanoni daban-daban ba tare da fifita na wani ba. Shi ne kuma ya fi ba da bayani kan kan harsashin da ake zubawa da dalma a gida.

Sai littattafan masu ƙera kan harsashi: Speer na Lewiston a Idaho, wanda ya fara buga nasa a 1954, Hornady na Grand Island a Nebraska, wanda bugunsa na 11 ya fito a 2021, Sierra na Sedalia a Missouri, Nosler na Bend a Oregon. Kowannensu kansa kawai yake gwadawa, amma da albarushi iri-iri. Masu albarushi kuma akasin haka suke yi, nasu albarushin da kawuna iri-iri. Babbansu a Amurka Hodgdon ne na jihar Kansas. Bruce Hodgdon ya fara ne a 1947 da sayen rarar albarushin soja mai nauyin fam 50,000 da ya rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana sayar wa masu ɗuri a farashi mai rahusa. Yau kamfanin ne ke riƙe da IMR tun 2003, da sunan albarushin Winchester tun 2006, da Accurate da Ramshot tun 2020, kuma yana sakin lambobinsa kyauta a intanet. Alliant ma haka, Vihtavuori na Finlan ma haka. Akwai kuma littafin Richard Lee, wanda ya tattaro lambobin masu albarushi wuri ɗaya. Yana da amfani wajen kwatantawa, sai dai tarawa ya yi, ba sabon gwaji ba ne, kuma a wajen tarawa wasu bayanan ƙasan shafi kan zube.

A ganina alamar farko ta littafin ƙwarai ita ce yawan bayanin da ke kewaye da lambar. Shafi mai mutunci zai faɗi kwanson wane kamfani aka yi gwajin da shi, wane ƙyastu, wane kai da sunansa da nauyinsa, tsawon harsashin bayan an gama haɗa shi, tsawon bututun gwaji, inda za a fara, inda ba a wucewa, da gudun da aka samu a kowanne. Mafi kyau ma ya rubuta matsin da aka auna. Lambar da ta zo tsirara, sunan albarushi da nauyi kawai, rabin magana ce. Alama ta biyu ita ce suna da adireshi: kamfanin da ke da lambar waya, mai ma'aikacin da zai ɗauka ya amsa tambaya, wanda idan ya yi kuskure zai buga gyara, idan wani zubi na albarushinsa ya ɓaci zai yi shelar lambar zubin a dawo da shi. Masu buga littattafan nan suna fitar da takardar gyaran kurakurai bayan bugu, kuma mai hankali yakan duba ta ya gyara nasa kwafin da alƙalami kafin ya buɗe gwangwani. Kamfanin da ya iya cewa "mun janye" ya fi cancantar a amince da shi a kan wanda bai taɓa janye komai ba.

Sabon shiga yakan rikice ranar da ya sayi littafi na biyu, ya ga iyakar da wannan ya sa ta ɗara ta wancan a harsashi ɗaya da albarushi ɗaya. Sai ya tambaya wane ne mai gaskiya. Dukansu. Kowa abin da ya gani a nasa bututun ya rubuta, da nasa zubin albarushi, da nasa kwanso, a ranar da ya yi gwajin. Bindigar mai karatu kuwa bututu ne na uku da babu wanda ya taɓa aunawa. Abin da tsofaffin hannu ke yi shi ne su buɗe littafi biyu ko uku, su ba wanda ya gwada ainihin kayan da ke hannunsu fifiko, su fara daga mafarin da ya fi ƙasa, su riƙa hawa a hankali. Idan littafi ɗaya ya yi fintinkau ya bar sauran a baya, ba sa murna sun sami ƙarin ƙarfi; zargin kuskuren ɗab'i suke fara yi. Wanda ke jera littattafai don ya tsinci lamba mafi girma, izini yake nema, ba ilimi ba.

Wani abin da littafin ƙwarai ke yi shi ne ya tambayi bindigar kafin ya ba da lamba. Harsashin .45-70 ya fito a 1873 don bindigar sojan Amurka ta Springfield, mai raunin makulli. Yau ana ƙera bindigogi masu ƙarfin gaske da ke cin wannan harsashi. Shi ya sa littattafai ke raba shi gida uku: na tsohuwar Springfield, na irin su Marlin 1895, da na irin su Ruger No. 1. Kwanso ɗaya ne, ido ba ya bambance su, kowanne zai shiga kowace. Wanda ya kwafo lamba daga shafi na uku ba tare da kan shafin ba, ya miƙa wa mai bindigar gado, ya ba shi abin da zai iya tarwatsa ta a hannunsa.

Tsohon littafi da manyan sunaye

Masu wannan harka suna da ƙaunar tsofaffin littattafai, kuma ba laifi. Littafin Philip Sharpe na 1937 da na P. O. Ackley na 1962 suna cike da tarihi da bayanin yadda abubuwa ke aiki. Amma lambobin cikinsu wani zance ne. Yawancin ɗurin da ke littafin Ackley ba a bi da su ta na'urar auna matsi ba. Bugu na 8 na Speer, na 1970, ya yi suna wajen zafin lambobi, bugun da suka biyo baya suka sassauta da dama daga ciki. Har yau akwai masu cewa tsoron lauyoyi ne ya sa kamfanoni suka rage. Ban yarda wannan ne babban dalili ba. Na'urar awo ce ta inganta, aka ga abin da da ba a gani. Albarushin ma da sunan ya tsaya, masana'antar da ke yin sa kan canza, wani lokaci har ƙasar. Gwangwanin da aka saya bana sai a nemo masa lambar bana.

Haka batun gwanaye yake. Elmer Keith, makiyayin Idaho da rubuce-rubucensa suka kai ga fitowar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, shi da kansa ya ba da labarin yadda wata bindigar Colt ta fashe a hannunsa tun yana matashi saboda ɗuri mai nauyi. Ya yi sa'a ya tsira, ya kuma koyi darasi, duniyar harbi ta amfana da gwaje-gwajensa. Amma labarin waɗanda suka tsira ne kawai ke zama littafi. Mujallar Handloader, da ake bugawa tun 1966, ta fitar da marubuta masu taka-tsantsan irin su Ken Waters, kuma ana karanta su don a koyi tunani da tsarin gwaji. Duk da haka mai lura yakan ɗauki lambar marubuci ya gwama ta da ta ɗakin gwaji kafin ya yi aiki da ita. Girman suna ba ya maye gurbin awo.

Tarkon sunaye

Akwai IMR 4350, akwai H4350, akwai Accurate 4350. Lamba ɗaya, albarushi uku, lambobin ɗurinsu ba ɗaya ba. Akwai IMR 4895 da H4895. Hodgdon na da Clays, da Universal, da International, waɗanda aka daɗe ana rubuta Clays a jikin dukansu, alhali na farkon ya fi sauran saurin ci. Mutumin da ya ce wa abokinsa "4350 nake sawa" bai gama magana ba. Jadawalin saurin cin albarushi da kamfanoni ke bugawa ma wasu sukan ɗauke shi a matsayin izinin musanya, wai tunda wannan na kusa da wancan a layi, lambarsu ɗaya. Masu jadawalin da kansu suna rubuta cewa ba don haka aka yi shi ba.

Sai ma'auni. A Amurka giren ake amfani da shi, 7,000 ke yin fam ɗaya. Giram ɗaya kuwa ya haura giren 15. Littattafan Turai kan jera su biyun gefe da gefe, gajerun haruffansu kuma sun yi kama. Sikelin lantarki da aka danna wa maɓalli bisa kuskure na iya komawa giram mutum bai lura ba.

Ragi ma yana da nasa hatsarin, abin da hankali ba ya kawowa da farko. Hodgdon na gargaɗin kada a rage albarushinsa H110 ƙasa da abin da aka rubuta sai ɗan kaɗan, domin ba ya ci da kyau idan ya yi ƙaranci. Ɗurin da ya gaza na iya barin kan harsashi maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Harsashin bindigar tsuntsaye kuwa ƙa'idarsa ta fi tsauri: iyakar matsin mai lamba 12 psi 11,500 ne kacal, ba a hawa ba a sauka, ba a canza kwanso ko ƙyastu ko toshiya, yadda aka rubuta haka ake bi.

"Ni dai ina harba shi lafiya"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawo a filin harbi da shagunan bindiga da kafofin sada zumunta, kuma mai faɗinta ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya sani shi ne bindigarsa ba ta fashe ba tukuna. Matsin da ta sha bai sani ba. Yakan ƙara da cewa bai ga wata alama a kwanso ba: ƙyastu bai baje ba, makulli bai yi tauri ba, gindin kwanso bai yi sheƙi ba. Littattafai na koyar da waɗannan alamu, kuma ganinsu na nufin a tsaya nan take. Rashin ganinsu ne ba ya nufin komai. Gwaje-gwajen da aka yi da na'ura sun nuna sau da yawa alamun ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka da nisa, a ƙananan bindigogi masu ƙarancin matsi kuma ƙarfe na iya gazawa kafin tagulla ta nuna komai. Ƙarfe kuma yana tara gajiya. Wanda ya jure sau ɗari ba alkawari ya yi zai jure na gaba ba.

Abin da ya fi kusa da shaida a hannun mai ɗuri shi ne na'urar auna gudun harsashi. A da tana da tsada da wahalar kafawa, yanzu akwai masu aiki da rada irin su LabRadar da Garmin Xero da ya fito a 2023, wanda ke shiga aljihu. Ba ta auna matsi, amma gudu daga matsi yake zuwa. Idan bututunka bai fi na littafi tsawo ba, ga shi kana samun gudun da ya wuce na iyakar littafi, to ka wuce iyakar, ko da sikeli ya ce da saura. Akwai kuma manhajojin kwamfuta irin su QuickLOAD na Jamus da Gordon's Reloading Tool, masu hasashen matsi daga bayanan da aka ba su. Suna da amfani ga wanda ya riga ya ƙware, musamman a harsasan da babu littafin da ya gwada, amma masu su da kansu suna cewa hasashe ne, a gwama da lambobin da aka auna.

Sabon abin damuwa shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya. Suna iya jero lamba cikin tsari mai kyau da murya mai tabbaci, alhali sun haɗa layin wannan albarushi da na wancan, ko sun cike gurbi da abin da ya yi kama da daidai. Ba su da bututun gwaji. A tambaye su ma'anar kalma ko tarihin harsashi. Nauyin albarushi kuwa a je shafin mai albarushin.

Lokacin da mutane suka fi faɗawa hannun irin waɗannan majiyoyi shi ne lokacin ƙaranci. A 2013, da kuma 2020 zuwa 2021, kantunan Amurka sun bushe, ƙyastu ya yi wuyar samu, kowa abin da ya tarar yake saye ya koma gida yana neman wanda zai ce masa ya yi. A Turai ma dokar sinadarai ta Tarayyar Turai ta fitar da wasu sanannun albarusan Hodgdon da IMR daga kasuwa a 2018, dole mutane suka sake lale da na Vihtavuori da makamantansa. Wanda ya saba komawa littafi ya koma mafari ya sake hawa. Wanda ya saba da an ce ka ce ya nemi "madadin" a bakin mutane.

Zafin rana ma yana cikin lissafi, kuma nan Afirka ta taɓa shiga tarihin harkar. Kodayit, albarushin da Ingila ke amfani da shi a farkon ƙarni na 20, matsinsa na hawa sosai idan ya sha zafi. Shi ya sa harsasan da aka yi wa masu farautar manyan namun daji a Afirka da Indiya, irin su .416 Rigby na 1911, aka ba su ƙaton kwanso da matsi mai sauƙi. Albarusan yau sun fi jure canjin yanayi, amma ɗurin da aka gwada a sanyin hunturu har yanzu ana so a sake duba shi kafin a harba shi da rani.

A ƙasar Hausa wannan sha'awa ba ta da gurbi a doka irin na Amurka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Amma akwai abu ɗaya daga littattafan nan da ya shafi maharbanmu da 'yan bindigar hawan salla kai tsaye. Bindigar toka baƙin albarushi mai hayaƙi aka yi ta dominsa. Albarushin da ke cikin harsashin zamani, wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, wani abu ne daban, ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Duk kamfanin da ke sayar da shi yana gargaɗi da manyan haruffa kada a zuba shi a bindigar da ake ɗurawa ta baki, komai ƙanƙantarsa, domin bututun fashewa yake yi a tsakanin hannu da fuska.

Majiya ta ƙarshe da ƙwararru ke ambata ita ce littafin da mutum ya rubuta da hannunsa. Kowane akwatin harsashi da takardarsa: kwanan wata, kwanso da sau nawa aka ɗura shi, ƙyastu, cikakken sunan albarushi da lambar zubinsa, nauyi, tsawo, littafin da aka ɗauko lambar da bugunsa da shafinsa. Gwangwani ɗaya kawai ake barin sa a kan teburi a lokaci guda. Albarushin da takardar jikinsa ta ɓace ba a cankar sunansa da ido, rabuwa ake da shi. Harsashin da wani ya ɗura, ko da na uba ne da aka gada, ba a harba shi; warware shi ake yi, a ɗauki kwanso da kai, a zubar da albarushin. Shi ma littafin hannun bindiga ɗaya yake wa shaida. Ranar da aka canza mata bututu, ko aka buɗe sabon zubin albarushi, mai shi yakan koma lambar mafari ya buɗe sabon shafi.